Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun sakandare: ku karɓe wayar, amma dan Allah ku daina buɗe ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin makarantunmu na gwamnati da na kuɗi, da mataimakanku, da malaman ladabtarwa, da iyayenmu metiron da ke kwana da 'ya'yanmu a hostal. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya saka muku da alheri dan mu dai ba za mu iya biyanku ba. Ni ma malami ne ɗan'uwanku, na jima ina riƙe da alli, kuma uba ne mai yara a sakandare, saboda haka maganar nan ta cikin gida ce, ba baƙo bane ya zo koya muku aikinku.

Kar ma wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a bar yara da waya a aji. Wallahi bana ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo yana ta bayani yaga ɗalibi ya sunkuyar da kai ƙarƙashin benci yana murmushi shi kaɗai ya san baƙin cikin abun. Doka ce ta makaranta, iyaye sun sa hannu a fom tun ranar da suka kawo yaro, in an kama shi da waya a karɓe, a hukunta shi daidai laifinsa, a riƙe ta har ƙarshen zango ma in haka dokar ta ce. Duk wannan ba mu da ja. Abun da ya dame ni shine abun da ke biyo baya. Ana karɓa sai kaji an ce "zo nan cire fasuwod ɗin", ko a kamo hannun yaro a ɗora yatsansa ga bulala a ɗaya hannun, daga nan sai sitaf rum, a shiga WhatsApp, a shiga tes, a shiga hotuna, a kunna saƙon murya, wannan malami ya leƙa wancan ya ce miƙo in gani, kafin a tashi daga makaranta maganar da yaro ya yi da uwarsa da daddare ta zama abun hira.

Laifin da kuka kama shi dashi shine kawo waya, kuma wayar gata a hannunku, hujja ta cika. Toh me ake nema a ciki kuma? In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan lokaci ba wani takamaiman abu ake nema ba, lalube ne kawai ko Allah zai sa a samu wani laifin, wani lokacin ma tsabar son jin gulma ne.

Akwai abun da na gani da idona a wata makaranta da ba zan kira sunanta ba. Ranar Litinin ce a filin asambili, an fito da wata yarinya 'yar aji biyar an tsayar da ita gaban ɗalibai, malamin da ke diyuti ya riƙe lasifika da hannu ɗaya wayar da ɗaya hannun, ya dinga karanta saƙonnin da wani yaron unguwarsu ya turo mata yana maƙale murya yana kwaikwayon ta mata in ya zo kan amsarta, ɗalibai suna ihu suna tafi. Ita kuwa ta ja hijabinta ta rufe fuska, ƙafafunta na rawa har ana iya gani daga bayan layi. Babu batsa a saƙonnin, irin shirmen ƙuruciya ne da uwa za ta iya kashewa da magana biyu a cikin ɗaki. Amma akwai wata kalma da yaron ke kiranta da ita, daga ranar ta zama sunanta a makarantar, har 'yan aji ɗaya suna jifanta da ita a hanyar famfo, labari ya fita unguwa ya canza kama ya zama wai an kama ta da abun kunya, da aka dawo hutu ba ta dawo ba. Kun san garinmu, kun san yadda magana ɗaya ke bin 'ya mace har ranar da za a zo neman aurenta. Malamin nan na tabbata a ransa gyara yake yi. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Sannan akwai abun da ba a cika tunawa ba, wayar nan ba sirrin yaron kaɗai ke ciki ba. Yaran jeka-ka-dawo da yawa wayar uwarsu ce suka ɗauko, ko tsohuwar wayar yayarsu da ba a goge komai ba. Akwai gurup ɗin gida a ciki inda ake maganar rabon gado da rikicin kishiyoyi da ciwon da ake ɓoyewa, akwai hotunan biki na yayye da matan yayye ba mayafi ba lulluɓi, akwai OPay ko Moniepoint na uwar da alat ɗin kuɗinta, akwai saƙon muryar da ta turo wa 'yar'uwarta tana kuka. Waɗannan mutanen wace dokar makaranta suka karya? Malamin da ba zai taɓa shiga gidan mutum ba sallama ba, ballantana ya wuce har uwar ɗaka ya ɗaga labule, shine zai zauna kan kujera yana jan sikirin da babban yatsa yana kallon matan gidan ɗaya bayan ɗaya, kuma bai ji ya yi komai ba.

Mu da muke koya wa yaran nan Suratul Hujurat, mun san aya ta 12 ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana gulma, kuma a jere suka zo kamar yadda abun ke faruwa a sitaf rum, zato ne farko, sai bincike, sai a zauna ana ci da naman yaro. Ayar ba ta ware ɗalibi ba. Akwai kuma hadisin Mu'awiya da Abu Dawuda ya ruwaito, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya nuna cewa in ka dinga bin diddigin al'aurar mutane to lalata su za ka yi ko ka kusa lalata su. Duk malamin da ya daɗe a makarantar kwana ya ga wannan a aikace. Yaron da aka tona wa asiri ba daina abun yake ba, ƙwarewa yake a ɓoyo, ya koyi goge saƙo, ya koyi ɓoye manhaja, ya sayi waya ta biyu ya bar ta wajen mai shago a bakin get. Abun da ya fi ciwo kuma, ranar da yake da matsala ta gaske, wani babba na takura masa ko ana masa barazana da hotonsa, ba zai taɓa zuwa wajenku ba dan ya riga ya ga abun da kuke yi da sirri.

Ta ɓangaren doka ma abun ba a sake yake ba yadda muke ɗauka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma bai ce sai wanda ya kai shekara 18 ba. Dokar haƙƙin yara ta 2003 a sashe na 8 ta maimaita wannan ga yaro kai tsaye, sai ta yi togaciya ɗaya da nake so ku lura da ita sosai, ta ce wannan bai hana iyaye da masu riƙon yaro bisa doka su sa masa ido gwargwadon hankali ba. Iyaye da mariƙa ta ambata. Ni uba ina da damar in ce ɗana kawo wayarka in gani, dan ni ke da shi, ni zan rufa masa asiri, ni kuma zan sha kunyar in ta fito. Na san za a ce ai mun damƙa muku amanarsu kun zama iyaye, gaskiya ne kun zama, amma ba na jin akwai uban da ya kawo 'yarsa makaranta da niyyar wani namiji ya karanta hirarta da ƙawayenta. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ce in za a sarrafa bayanan yaro bisa yarda to yardar iyayensa ake nema. Makarantar da ke ɗaukar hoton saƙonnin ɗalibi tana turawa gurup ɗin malamai ta tambayi lauyanta inda ta tsaya.

Yanzu bari in zo kan hujjarku, dan na san kuna da ita kuma ba ta banza bace. Za ku ce ta waya ake cinikin tiramol da kodin, ta waya ake turo amsar jarrabawa lokacin WAEC da NECO, ta waya 'yan daba ke shirya faɗa bayan an tashi, ta waya manyan banza ke yaudarar yara mata, ga kuma tsoron masu ba 'yan bindiga bayani. Duk akwai, ba wanda zai musa. Sai dai akwai bambanci tsakanin a ce wani ɗalibi ya zo ya nuna muku saƙon barazana da wane ya turo masa jiya, da kuma a ce ai yaran yanzu duk 'yan iska ne bari mu duba. Na farko dalili ne da za a iya rubutawa a takarda a kare shi gaban kowa. Na biyun zato ne kawai.

Ba mu kaɗai ne muka yi wannan rigimar ba, a Amurka sun daɗe suna yin ta har gaban kotu, kuma ina kawo su ne dan su ma malamansu irin hujjarmu suka kawo. Tun 1985 Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci kan wata yarinya 'yar shekara 14 a jihar Niyu Jazi da aka kama tana shan sigari a banɗakin makaranta aka caje jakarta. Kotun ta ba makaranta gaskiya, ta ce malami ba sai ya nemo takardar izini daga alƙali ba kamar ɗan sanda, amma ta gindaya sharaɗi biyu, dole a samu dalili mai ma'ana tun kafin a fara binciken, kuma binciken kar ya wuce abun da ake nema. Da waya ta zo sai aka auna ta da wannan ma'aunin. A wata shari'a ta 2006 kuma, a garin Nazarat na jihar Fensilbaniya an karɓe wayar wani ɗalibi, malama da mataimakiyar shugaban makaranta suka shiga cikin lambobinsa suka dinga kiran wasu ɗalibai dan su gano waɗanda wayarsu ke kunne, suka duba saƙonninsa, alƙali ya ce karɓe wayar daidai ne tunda ya karya doka amma amfani da ita wajen farautar laifin wasu ba shi da madafa. Kun san mu ma ana yin wannan, a kira lamba daga wayar da aka kama a tsaya a ji wane akwati ne zai yi ƙara a hostal.

A 2007 kuma a wata sakandare a jihar Kolorado ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta zargi hukumar makarantar da karɓe wayoyi tana karanta saƙonni tana kwafewa tana sawa a fayil ɗin ɗalibai, abun ya faro daga yaro ɗaya da ake zargi da shan sigari ya bi ta kan abokansa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya hukumar ilimin yankin ta canza tsari ta koma neman izini kafin a buɗe saƙo sai in akwai haɗari na gaggawa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce shari'ar garin Owensboro a jihar Kentaki da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2013, dan tana nuna inda layin yake. Yaro ɗaya ne aka duba wayarsa sau biyu. A karon farko akwai alamar yana tunanin cutar da kansa a lokacin, kotu ta ce wannan binciken ya halatta. A karo na biyu kama shi kawai aka yi yana tura saƙo a aji aka karɓe wayar aka karanta saƙonni huɗu, makaranta ta ce ai mun san tarihinsa, ya taɓa maganar kashe kansa kuma yana taɓa ƙwaya, damuwa da shi ce ta sa muka duba. Kotu ta ce a'a, sanin tarihin yaro shi kaɗai bai isa ya zama lasisin buɗe wayarsa duk ranar da aka ga dama ba. Ku duba fa, niyyarsu mai kyau ce kuma yaron da gaske yana da matsala, duk da haka aka ce sun wuce gona da iri. Shekara ɗaya bayan nan a 2014 Kotun Ƙolinsu gaba ɗayan alƙalanta tara suka amince cewa ko ɗan sanda da ya kama mai laifi sai ya samo izinin kotu kafin ya shiga wayarsa, saboda abun da ke cikin waya ya fi ƙarfin a haɗa shi da abun da ake samu a aljihu.

Ba zan ɓoye muku ba, a Ingila dokar ilimi ta 2011 ta ba malamai ikon duba abun da ke cikin wayar da aka karɓe. Amma ko can sai da dalili mai ƙarfi, kuma ƙa'idar da gwamnatinsu ta rubuta wa makarantu ta gargaɗi malami kar ya buɗe hoton tsiraicin yaro da gangan, kar ya kwafa kar ya tura. Mu nan me muka rubuta? A yawancin makarantunmu layi ɗaya ne a takardar doka, an hana waya, shikenan, duk abun da ya biyo baya ya danganta da halin malamin da wayar ta faɗa hannunsa.

Nan ne kuma inda nake jin tsoro, kuma dan Allah kar 'yan'uwana malamai su ji haushi. Mafi yawanmu mutanen kirki ne masu tsoron Allah, amma ba dukkanmu ba, kun sani na sani. Ranar da sirrin yarinya 'yar shekara 15 ya shiga hannun wanda ba ya tsoron Allah, ya ga hotonta, ya kwashe lambarta, ya san abun da take tsoron babanta ya ji, toh an ba shi igiyar da zai ja ta duk inda yake so, "ki same ni a ofis bayan firef ko in kai wa babanki". Yarinyar ba za ta faɗa wa kowa ba dan abun da zai tona shine abun da take ɓoyewa. Makarantar da ta bar kowane malami yana buɗe waya shi kaɗai a ofis ita ta buɗe wannan ƙofar, kuma ko malamin kirki ma bai tsira ba, dan ranar da hoto ya fita gari sunansa za a fara kira tunda wayar a hannunsa ta kwana.

Ku tuna kuma dalilin da yasa wasu wayoyin ke shigowa hostal. Bayan Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a ƙarshen 2020, da Kagara da Jangebe a farkon 2021, akwai iyaye da yawa da su da kansu suke cusa ƙaramar waya cikin garin kwaki ko cikin filo ranar ziyara, suna sane da doka, amma uwa ba ta iya barci in ba ta ji muryar 'yarta ba. Ban ce sun yi daidai ba. Amma maganin wannan shine makaranta ta tanadi layi a hannun metiron ko malamin gida da lokacin kira sananne a sati, iyaye su san lambar, sai kuga rabin wayoyin ɓoyen sun ragu da kansu.

Abun da nake roƙo ba mai tsada bane, ko sisi ba za a kashe ba in banda kuɗin ambulan da littafi ɗaya. In an kama waya a sa yaron ya kashe ta da hannunsa a gaban malamin, a saka a ambulan a liƙe, a rubuta sunansa da ajinsa da kwanan wata, shi da malamin su sa hannu a littafi, a kai ofishin shugaban makaranta a kulle, a kira uba ko uwa su zo su karɓa lokacin da doka ta tsara. Ba a tambayar fasuwod, ba a fasa ta da guduma ko a tsoma a bokitin ruwa gaban asambili, dan dukiyar wani ce, wata uwar sai da ta yi adashi ta saya. In kuwa akwai takamaiman zargi mai nauyi, ƙwaya ko barazana ko hoton wani ɗalibi da ake yaɗawa, shugaban makaranta ya rubuta dalilin tukuna, a kira mahaifi a buɗe a gabansa da shaida ɗaya, in 'ya mace ce malama mace ta duba, a tsaya kan abun da ake nema kawai, in saƙon barazana ake nema ba ruwan kowa da hotuna. Kar a ɗauki hoton sikirin da wayar malami, kar a tura gurup, kar a karanta wa ɗalibai. In abun ya kai laifin da ya shafi hukuma ku bar wayar yadda take ku kira waɗanda aikinsu ne, dan laluben da muke yi ma yana iya ɓata hujjar. Inda rai ke cikin haɗari a take kuwa, yaro ya ɓace ko ya ce zai kashe kansa, ba wanda zai ce ku jira, ku duba ku ceci rai sannan ku sanar da iyaye ranar.

Su kuma firifet dan Allah a cire hannunsu daga wannan aikin gaba ɗaya. Yaro ne ɗan'uwan yaro, ba shi da hurumin sanin abun da ke wayar ɗan ajinsu, kuma yawancin labaran da ke yawo a hostal daga wajensu suke fita.

Ina roƙon ƙungiyar shugabannin sakandare ta ANCOPSS da ta masu makarantun kuɗi ta NAPPS da ma'aikatun ilimi na jihohinmu su fitar da wannan a rubuce, shafi ɗaya ya isa, da Hausa da Turanci, a liƙa a sitaf rum a kuma haɗa da takardar da ake ba iyaye farkon shekara. Kafin nan kowane shugaban makaranta yana da ikon ya fara a tasa tun wannan zangon, ya sa maganar a ajandar taron iyaye da malamai mai zuwa, mu iyaye za mu zo mu sa hannu.

Allah ya taimake ku kan amanar da kuka ɗauka.

Naku,
Wani malami kuma uban ɗalibai